Gardamar Tsohuwar Fijo da Motar Tsere

Jama'a, akwai wata gardama wadda ta yawaita a tashoshin mota da majalisun hira, tun daga Talatar Mafara har Bakura da Maradun, kuma ya kamata duk wanda ya iya karatu ya san inda zai tsaya a cikinta. Samari suna kallon hotunan motocin tsere na zamani a cikin wayoyinsu, irin su Ferrari da Lamborghini da Bugatti, suna cewa wanda Allah Ya buɗa masa bai sayi irinsu ba, to, bai san daɗin duniya ba. In tsohuwar Fijo ta gifta sai su bushe da dariya, su ce ga akwalar kakanni. Dattawan direbobi kuwa su kan girgiza kai kurum, su ce yaro man kaza. Ni dai ina bayan tsohuwar Fijo. Zan kawo hujjojina ɗaya bayan ɗaya, in kuma faɗi hujjojin abokan gardamata yadda suke, don kada a ce na yi musu ƙwange. Kai mai karatu, kai ne alƙali.

Kada wani ya ce wannan magana ta masu kuɗi ce, ina ruwan talaka da ita. Da ruwansa ƙwarai. Abin da manya suka ɗaukaka shi yara ke buri. Hanyar da mai motar tsere ke zuba gudu a kanta ita ce hanyar da ɗanka ke tsallakawa zuwa makaranta. Kuɗin da aka kwashe aka sayo ta kuwa daga cikin ƙasarmu suka fita, ba kuwa za su komo ba.

MOTOCIN NAN BIYU

Bari mu fara sanin abin da muke gardama a kansa. Motar tsere ƙarama ce, kujerunta biyu, tana kwance da ƙasa kamar ƙadangare, amma injinta babba ne ainun. Kamfanin Ferrari ya fitar da motarsa ta fari a shekarar 1947 a garin Maranello na ƙasar Italiya, na Lamborghini kuma ya soma ƙera motoci a 1963. A shekarar 2005 aka fitar da wata mai suna Bugatti Veyron, wadda injinta ke da silinda 16 da ƙarfin doki 1,001, tana kuwa iya gudun kilomita 407 a sa'a guda. Kuɗinta ya haura Yuro miliyan ɗaya. Da wuya ka ga irin wannan a garuruwanmu, amma ƙannenta, watau irin su Mustang da Camaro da ƙananan Marsandi masu ƙofa biyu, ana ganinsu a Abuja da Kaduna da Kano, su kan kuma leƙo nan lokacin biki ko salla. Garuruwan nan uku kowanne ya ba Jihar Zamfara gwamna, Bakura a 1999, Talatar Mafara a 2011, Maradun a 2019, saboda haka mutanensu sun ga jerin gwanon manyan motoci iri-iri, ba labari aka ba su ba.

Tsohuwar motar da nake nufi kuwa ita ce Peugeot 504, wadda mutanenmu ke kira Fijo. An fitar da ita a Faransa a shekarar 1968, a 1969 kuma aka zaɓe ta gwanar motocin Turai ta wannan shekara. Injinta silinda 4 ne, ƙarfinsa kamar na doki 90. A shekarar 1975 aka buɗe ma'aikatar harhaɗa Fijo a Kakuri, cikin Kaduna, aka yi ta harhaɗa 504 a can har bayan shekarar 2000, alhali kuwa Faransawa sun daina yin salun ɗinta tun 1983. Iri uku muka fi sani: salun, da doguwar nan mai layin kujeru uku, da akori-kura. Bayan an kashe Janar Murtala Muhammad a watan Fabrairu na 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta mai da Fijo motar ma'aikatan hukuma, manya da ƙanana. Tana da yaya mai suna 404, wadda ta fito a 1960, ita ma ta yi zamaninta a ƙasar nan. Yau Golf da Sharon sun karɓe yawancin aikin tasha daga hannun Fijo, amma har yanzu a kan ga ragowarsu, musamman akori-kura, suna ɗaukar kaya.

HANYA ITA CE ALƘALI

Hujjata ta fari ita ce hanya. Mota ba a hoto take aiki ba, a kan hanya take aiki, saboda haka hanyar ƙasarka ita ce za ta faɗa maka motar da ta dace da kai. Babbar hanyar da ta taso daga Funtuwa ta bi ta Gusau zuwa Sakkwato ta ratsa Talatar Mafara. Amma da ka sauka daga kanta ka nufi ƙauyukan Bakura ko na Maradun, ba da daɗewa ba za ka rabu da kwalta, ka shiga burji da gargada da yashi. Da damina kuwa, in fadamun Gulbin Sakkwato suka cika, sai laka da kwazazzabai. Su motocin tsere, tsakanin cikinsu da ƙasa bai cika wuce santimita 12 ko 13 ba, watau faɗin tafin hannu da ɗan ƙari. Tudun nan da ake yi a titi cikin gari don rage gudu ya isa ya kankare mata ciki. Tayoyinta sirara ne kamar an shafa roba a jikin ƙarfe, rami ɗaya in ta faɗa da ƙarfi, taya ta fashe, ƙarfen ya lanƙwashe. Fijo kuwa an ɗaga ta sama, an yi mata sifirin masu laushi da tayoyi masu kauri, tana shan rami kamar raƙumi na taka yashi.

In wani ya ce wannan zancen baki ne, to, ga shaida daga fagen tseren kansa. A Afirka ta Gabas akwai wani tseren motoci mai suna Safari, wanda a da ake yi cikin ƙasashen Kenya da Uganda da Tanzaniya, tafiyar dubban kilomitoci cikin daji da laka da duwatsu, a kan hanyoyi irin namu. A shekarar 1963 motoci fiye da 80 suka tashi, 7 kaɗai suka kai ƙarshe, wadda ta zo ta ɗaya kuwa Fijo 404 ce. Ta sake ci a 1966 da 1967 da 1968. Ƙanwarta 504 ta ci a 1975. A 1978 kamfanin Porsche na Jamus ya kawo shahararriyar motarsa ta tsere mai lamba 911, bayan ya ɗaga ta sama ya ƙarfafa mata ƙafafu, amma duk da haka ta biyu ta zo. Wadda ta riga ta wata 504 ce mai ƙofa biyu da injin silinda 6. Ashe ko a tsere, in dai ƙasar Afirka ce fagen, zuriyar Fijo ba kanwar lasa ba ce.

Sa'an nan mu duba aikin da muke yi da mota. Ran Talata, sa'ad da kasuwar Mafara ta cika, me ake ɗaukowa? Buhunan shinkafa da gero da albasa, da kwandunan tumatir, da awaki, da mutane. Doguwar Fijo an yi ta don mutum bakwai ko takwas da kayansu. Akori-kura tana ɗauke da amfanin gona guda. Motar tsere kuwa mutum biyu take ɗauka, wurin kayanta da ƙyar ya ci jakar tufafi. In mace ta kamu da naƙuda da tsakar dare a wani ƙauye na bayan Bakura, ana neman kai ta asibiti, wace mota za a buga wa ƙofar mai ita? Kowa ya san amsa. Tun zamanin En'e, kafin a rushe ta a 1976, ma'aikacin da zai fita rangadi Land Rover yake nema, gama ita ce ke kai shi ta kuma komo da shi.

MAGANAR GUDU

Abokan gardamata za su ce, to, gudu fa? Lalle a nan motar tsere ta yi wa Fijo fintinkau, ba mai musu. Amma ina za a yi gudun? Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade wa ƙaramar mota kilomita 50 a sa'a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a kan tagwayen hanyoyi. Tsohuwar Fijo mai lafiya tana yin wannan ba tare da ta yi nishi ba. Wanda ya sayi motar da ke gudun 300 ko 400, ya biya kuɗin abin da doka ta hana shi amfani da shi. In ya bi doka ya yi asarar kuɗinsa, in ya ƙi bi ya sa rayukan mutane cikin haɗari.

Ku da kuka koyi lissafi a ajin yaƙi da jahilci, ku yi wannan da kanku. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin mita 28 a daƙiƙa guda. Wadda ke gudun 200 tana cin mita 56. Kafin direba ya ga saniya ta fito daga bayan kalgo, ya ɗaga ƙafa ya taka burki, daƙiƙa guda ta wuce, ya riga ya ci rabin filin ƙwallo. Bayan wannan kuma akwai wata ƙa'ida wadda masana suka tabbatar: in ka ninka gudu sau biyu, nisan da mota za ta ja kafin burki ya tsai da ita yakan ninku sau huɗu. A Turai akwai filayen tsere waɗanda aka kewaye da shinge, ba akuya, ba yaro, ba mai keke. Mu kuwa hanyarmu ta kowa da kowa ce: makiyayi da garkensa, da amalanken shanu, da 'yan acaɓa, da 'yan mata masu talla. Ga kuma muguwar al'adar nan ta wasan mota a wurin biki, inda samari ke juya motoci suna ta da ƙura a tsakiyar taro don a yi musu tafi. Sau nawa gidan biki ya koma gidan makoki saboda wannan? Sauri ya haifi nawa. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

WA ZAI GYARA?

Yanzu na zo kan hujjar da na fi ƙarfafawa. Kowace mota tana lalacewa, sabuwa da tsohuwa. Abin tambaya shi ne, in ta tsaya, wa zai tashe ta? Buɗe gaban Fijo ka gani. Ga kafireta, ga filogi huɗu, ga lagireto, ga fambel, ga batir, kome a sarari, hannu yana kaiwa ko'ina. Bakanike mai sifana da sukudireba a ƙarƙashin bedi zai saurari kukan injin ya gaya maka ciwonta. In kafireta ta toshe, ya kwance ya wanke ya mayar. In wani ƙarfe ya karye, mai walda ya ɗinke shi. Abin da babu a Mafara a kan nema a Gusau ko Sakkwato, in ya faskara a aika Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Mota guda tana ciyar da bakanike da yaransa, da mai faci, da mai walda, da mai gyaran waya, da mai ɗinkin kujera, da mai sayar da kayan gyara. Kuɗin gyaranta a gari yake kwana.

Motar tsere ta zamani kuwa kwamfuta ce ke mulkinta. Ita ke auna mai, ita ke sauya giya, ita ke lura da burki. In ƙaramar na'ura guda ta samu matsala, sai fitila ta kama a gaban direba, wani lokaci motar ta ƙi tashi sam. Ba a gane ciwonta sai an jona mata wata kwamfutar, sau da yawa ma irin ta kamfanin da ya ƙera ta. Sai a ɗora ta bisa babbar mota a kai Abuja ko Legas, a yi odar abin da ya lalace daga Turai da kuɗin waje, mai ita ya zauna jira makonni ko watanni. Ran nan za ka ga mai motar miliyoyi ya hau bayan ɗan acaɓa.

Mu mutanen wannan yanki bai kamata a koya mana wannan darasi sau biyu ba, gama mun riga mun gan shi a gonakinmu. An gina madatsar ruwa ta Bakalori a kan Gulbin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya yi aikin, shi kuwa a lokacin reshe ne na kamfanin motoci na Fiat, wanda ya sayi rabin Ferrari a 1969. Aka shirya shayar da kadada 23,000 a ƙasashen Talatar Mafara da Bakura da Maradun. Manoma sun biya tsadar aikin da gonakinsu, har da rayuka a shekarar 1980. Aka raba filin gida biyu. Kashi mafi girma aka sa masa injunan feshi, waɗanda ke watsa ruwa sama kamar ruwan damina, abin sha'awa ga mai kallo, amma suna bukatar lantarki da famfuna da kayan gyara daga waje. Kashi ƙarami aka yi masa magudanai, ruwa na gangarawa da kansa daga tudu zuwa kwari. To, ƙaƙa aka ƙare? Kafin shekarar 2003 injunan feshin sun mutu. Inda aka ci gaba da noman shinkafa shi ne wajen magudanan nan, waɗanda manomi zai iya yashewa da fartanya da shebur. Injin feshi shi ne motar tsere, magudana ita ce Fijo. Abin da mutanen gari ba su iya gyarawa da hannunsu, aro ne a wurinsu ko da sun biya kuɗinsa.

MAI DA ALJIHU

Ga kuma maganar mai. Bugatti ɗin nan da na ambata, tankinta lita 100 ne, in kuwa aka sake mata linzami iyakar gudunta, cikin minti 12 ko kusa da haka za ta shanye shi ƙaf. Ƙannenta ba su kai ta ci ba, amma duk masu haɗama ne. Bugu da ƙari, injunan tsere an yi su ne don tataccen mai na musamman, wanda ya fi irin da ake sayarwa a yawancin gidajen manmu. A watan Fabrairu na 2022 an shigo da gurɓataccen fetur ƙasar nan, motoci da yawa suka lalace. Wanda tafiya ta kama shi a ƙauye kuwa, dole ya sayi na galan a hannun 'yan bumburutu, Allah kaɗai Ya san abin da ke ciki. Fijo ta kan yi tari ta wuce, in ta tsananta a wanke kafireta. Injin tsere ba ya yafe irin wannan. Tun ran 29 ga Mayu 2023, da gwamnati ta janye tallafin mai, kuɗin lita ya ninku ya sake ninkuwa. Ita ma Fijo ba ta kai ƙananan motocin yanzu tsimin mai ba, amma man da ta sha mutum bakwai ya kai kasuwa. Na motar tsere mutum biyu ya kai yawo.

HUJJOJIN ABOKAN GARDAMA

Adalci ya sa in kawo abin da suke faɗi. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce ta kāriya, kuma gaskiya ce. Mutanenmu su kan ƙwanƙwasa jikin tsohuwar mota su ce wannan shi ne ƙarfe, na yanzu gwangwani ne. Wannan kuskure ne. Motar zamani an yi gabanta ya lotse da gangan, don ya shanye ƙarfin karo kafin ya kai ga mutanen ciki. A shekarar 2009 wata hukumar kamfanonin inshora ta Amurka ta haɗa wata Chevrolet ta 1959 karo da wata Chevrolet ta 2009. Tsohuwar ta murƙushe har kan kujerar direba, sabuwar kuwa ɗakinta ya tsaya daram. Bel ɗin ɗaure jiki irin na yanzu kamfanin Volvo ya fito da shi a 1959. Burkin da ba ya kulle taya ya shiga motocin Marsandi a 1978, jakar iska kuma a 1981. Fijo 504 ba ta da burkin nan, ba ta da jakar iska. Tashoshinmu sun san yawan mutanen da suka halaka cikin doguwar Fijo, sa'ad da aka cusa mata mutum goma, taya ta suɗe, direba kuma yana sauri ya komo ya yi wani lodi.

Na yarda da wannan duka. Amma ku lura, kayan kāriyar nan ba motar tsere kaɗai ke da su ba. Ƙaramar motar iyali ta zamani tana da su, akori-kurar zamani tana da su. Saboda haka wannan hujja ce ta sayen sabuwar mota mai amfani, ba ta kai ga wanke motar tsere ba. Sa'an nan jakar iska wanda ke ciki take kārewa. Yaron da ke kora shanu a bakin titi fa, wace jaka ce tasa?

Waɗansu kuma su kan ce, a wannan zamani na 'yan bindiga da masu satar mutane, mota mai gudu ita ce mafita. Kaito! Ɓarayin daji ba a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta suke tare hanya ba, su kan zaɓi inda hanya ta lalace, inda dole direba ya rage gudu. A irin wurin nan motar da ke jan ciki ita ce ta fi kowa rarrafe. Ga shi kuma tun daga nesa tana shelar cewa mai ita yana da abin biyan fansa.

Akwai masu cewa, ai kakanninmu ma suna da dokin ƙawa, wanda ba ya noma ba ya dako, sai hawan salla. Me ya raba shi da motar tsere? Abin da ya raba su da yawa. Doki harawa da dawa da kanwa yake ci, duk daga gonakinmu da kasuwanninmu. Sirdinsa baduku ya ɗinka, linzami da likkafa maƙeri ya ƙera, jalala masu ɗinki suka yi mata ado, yaran barga kuma suna cin abinci a kansa. In goɗiya ce ma ta haifa maka wani. Adon doki gari ne ke cin moriyarsa. Adon motar tsere kuwa maƙeran Italiya da Jamus ne ke ci.

Ta ƙarshe ita ce, kuɗinsa ne, ina ruwanka? Gaskiya ne, wanda ya nemi halalinsa ba mai hana shi sayen abin da ransa ke so. Ni ma ban ce a kafa doka a hana ba. Amma malamanmu sun daɗe suna yi mana hani ga almubazzaranci, kuma jama'a suna da ikon zaɓen abin da za su yi wa tafi. A ƙasar da rijiyoyin burtsatse ke mutuwa don rashin kuɗin gyara, bai kamata mu taru muna yi wa irin wannan guɗa ba.

YADDA MASU ƘERA SU KE YI

Abin mamaki, su Turawan da ke ƙera motocin tsere ba su raina tsofaffin motocinsu. A Ingila motar da ta shekara 40 a kan yafe mata harajin hanya, don an ɗauke ta kayan tarihi. A watan Mayu na 2022 aka yi gwanjon wata Marsandi ƙirar 1955 a kan Yuro miliyan 135, kuɗin da ya isa sayen sababbin motocin tsere da yawa. Mu kuwa Fijon da aka harhaɗa a Kaduna da hannun 'ya'yanmu, wadda ta kai alhazai filin jirgi, ta kai amare ɗakunansu, ta kai ɗalibai makaranta, ita muke sayar wa 'yan gwangwan su sare ta su auna a sikeli. Marsandin da aka harbe Janar Murtala a cikinta tana ajiye a gidan tarihi na Legas, jama'a na zuwa gani. Ashe mun san mota tana riƙe tarihi.

Ga wani abin lura kuma. Ferruccio Lamborghini, wanda ake kiran motar nan da sunansa, ɗan manoma ne. A shekarar 1948 ya soma ƙera taraktocin noma daga ragowar kayan sojan Yaƙin Duniya na Biyu. Sai da ya shekara 15 yana ƙera tarakta, ya yi arziki da ita, kāna ya juya ga motar tsere. Tarakta ce ta haifi motar tsere a ƙasarsu. Mu da ke da fadamun Bakalori, muna neman mu fara daga inda suka ƙare. Kama da wane ba ta wane.

ABIN DA YA KAMATA

Ban ce mu koma baya mu dawwama a 1975 ba. Tsohuwar Fijo ta tsufa, wata rana za ta ƙare. Halinta nake so mu riƙe, mu auna kowace sabuwar mota da shi. Kafin ka sayi mota, ko ka yaba ta wani, yi tambaya huɗu. Za ta bi hanyar ƙauyenmu da damina? Za ta ɗauki iyalina da kayana? Akwai mai gyaranta a garin nan? Akwai kayan gyaranta kusa? In amsa ta zama i, sa'an nan a duba bel da burki da jakar iska. Launi da ƙarar salansa su zo daga baya.

Wanda ke da tsohuwar Fijo ya riƙe ta da kyau. Ya sa mata tayoyi masu rai, ya gyara burki da fitilu, ya ɗaura bel, ya daina yi mata lodin da ya wuce ƙima, gama yawancin laifin da ake ɗora mata na mai ita ne. Kanikawanmu kuma kada su ce kwamfuta ta fi ƙarfinsu, domin motocin haya na yanzu ma suna da ita. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a nan Talatar Mafara. Ya kamata hukuma ta shirya wa yaran gareji darasin gyaran motocin zamani, yadda aka shirya wa manya ajin yaƙi da jahilci. Wanda ya koyi baƙaƙe da wasula yana da furfura, me zai hana ɗansa ya koyi karanta na'urar gwajin inji?

Samarin da ke son motocin tsere kuwa, son nan nasu ba laifi ba ne in sun juya shi inda ya dace. Jelani Aliyu, ɗan Jihar Sakkwato, tun yana yaro yake zanen motoci. Ya yi karatu a Birnin Kebbi, ya wuce birnin Detroit na Amurka, ya shiga kamfanin General Motors, har ya zana siffar motar lantarki mai suna Chevrolet Volt wadda aka nuna wa duniya a 2007. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar tsara ƙirar motoci ta Nijeriya. Wannan shi ne irin burin da nake yi wa yaran Mafara da Bakura da Maradun: su zama masu zanawa da ƙerawa, su fitar mana da mota mai ƙafafun Fijo da kāriyar zamani, wadda bakaniken ƙarƙashin bedi zai iya buɗewa ya gane.

To, jama'a, kun ji hujjojina, kun ji na abokan gardamata. In an sake ta da zancen nan a majalisarku, wani ya nuna muku hoton mota yana lissafa gudunta, ku tambaye shi a wace hanya za ta yi gudun, wa kuma zai gyara ta in ta tsaya. Allah Ya kiyaye mu daga haɗarin hanya, Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, Ya kuma ba mu basirar rarrabe abin amfani da abin ƙawa, amin.